Gamaliel da Motar da Ke Cire Hula

Duk wanda ya ce muku Gamaliel bakanike ne, ku ce ni Hussaini mai faci na ce ƙarya yake yi. Shekara goma sha ɗaya muna raba inuwar mangwaro ɗaya da shi a Sabon Gari, ni ina liƙe taya, shi yana kwance janareta da injin markaɗe, kuma ban taɓa ganin ya haɗa abu ba tare da ragowar noti uku a hannunsa ba. In ka yi magana, ya ce kamfani ne ya sa su da yawa. Amma je ka karanta allon da ya kafa a bakin titi: INJINIYA GAMALIEL, ƘWARARRE DAGA ABUJA. Abujar nan fa sati uku ya yi a cikinta, yana miƙa wa wani kawunsa sufana.

Duk Keffi an haƙura ana kiransa Injiniya don a zauna lafiya, ban da mutum ɗaya. Madam Vera ke nan, shugabar firamaren da muka yi tare da shi a unguwar Yara. Ita ta koyar da mu a aji huɗu. Duk ranar da acaɓa ya ratsa da ita ta gabanmu, Gamaliel zai miƙe tsam, ya cire hula, ya ce, "Barka da rana, Ma!" Ita kuma ta leƙo shi ta saman tabarau, ta dubi allon, ta ce, "Gamaliel, ka iya sau bakwai kuwa yanzu?"

Mutum mai shekara arba'in da biyu, da 'ya'ya uku! Abin nan yana ci masa rai ba kaɗan ba. Sai ya zauna a kan benci ya yi tagumi, ya ce da ni, "Hussaini, Allah na gani, ba zan mutu ba sai matar nan ta kira ni Injiniya da bakinta."

To, ranar wata Alhamis da misalin ƙarfe takwas na safe, sai ga wata jar mota, gajeriya, mai ƙofa biyu, ta tsaya a gabanmu. Yosiya ne ya fito, ɗan ƙanwar Madam Vera, wanda ke tuƙa wani mai kuɗi a Abuja. Gumi yake yi tun da sassafen nan.

Ashe ranar Madam za ta yi ritaya, bayan shekara talatin da biyar tana aiki. Malaman makarantar sun kwaikwayo al'adar sojoji: mai barin aiki ya tsaya a cikin buɗaɗɗiyar mota, a ɗaura igiya, abokan aiki su ja shi har waje yana ɗaga wa jama'a hannu. Shi ne Yosiya ya roƙo motar ogansa. Irin wadda ake danna maɓalli ce, murfin but, wato wurin kaya na baya, ya ɗaga, rufin motar ya naɗe kansa ya shige cikin but, murfin ya koma ya rufe.

"Jiya lafiya lau ta yi," in ji Yosiya. "Yau na danna, but ɗin ya yi nishi ya tsaya. In bai ɗaga ba, rufin ba shi da inda zai shiga. Ƙarfe sha biyu za a ja Mama. Akwai wanda ya san irin motar nan a kusa?"

Na buɗe baki zan kwatanta masa wani mai gyaran wutar mota a hanyar Akwanga, sai na ji an taka mini ƙafa.

"Wanda ya sani?" Gamaliel ya yi wata 'yar dariya. "Ƙanena, motar da ke cire hula ai ni na yaye ta a Abuja. Na gyara ta jakadu, na gyara ta matan jakadu. Wannan ai ƙaramar cikinsu ce."

"Oga ya ce akwai bayani a littafin da ke aljihun gaba."

"Littafi na 'yan koyo ne. Je ka ji da kujeru da rumfa, ka dawo sha ɗaya. Abu ɗaya kawai: wa ke riƙe da lasifika a wajen taron?"

"Malam Siman."

"Ka ce masa in rufin ya buɗe a gaban Madam, ya faɗa wa jama'a wanda ya gyara. Sunan a cike, da Injiniyarsa."

Yosiya ya miƙa makulli ya hau keke napep. Littafin kuwa, Gamaliel ya ciro shi ya shimfiɗa a ƙasa don kada gwiwarsa ta yi datti.

Sai da ya yi minti ashirin yana neman inda ake buɗe but ɗin ta hanyar da kowa ya sani, ta baya, irin ta zuba kaya. Da ya buɗe, ya kafa bakin sukundireba a jikin ƙarfe, ya ɗora kunne a ƙotar, ya lumshe ido, ya ce in danna maɓalli. Na danna. Motar ta yi "uuum" ta yi shiru.

"Yunwa," in ji Gamaliel. "Yunwa take ji. Mai ya ƙare."

Ya yaye kafet, ya samu wata 'yar gora a gefe da man da ke tura ƙarafunan, ga shi kuwa ya yi ƙasa. Nan dai ya canka daidai, ba zan ci haƙƙinsa ba. Matsalar, irin man ba ya da shi. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, idonsa ya sauka a kan kaskon Salamatu mai ƙosai da ke gefenmu, ta sauke ke nan tana kankare gawayi.

"Salamatu, ara mini ludayi biyu."

"Na me?"

"Na man gyaɗa."

"Mota za ka soya?"

"Ke dai ba ki san kimiyya ba. Mai ai mai ne. Turawa da kansu da shi suka fara."

"Turawan Abuja ko na Sabon Gari?"

Ya tace man da hankicinsa, duk da haka sai da ɓurɓushin ƙosai ya bi. Ya ɗura, ya rufe, ya tsaya a baya ya riƙe ƙugu, ya ce in danna. Murfin ya ɗago kamar taƙi ɗaya. Gamaliel ya juyo yana duban mutane a ga aiki. Sai motar ta yi atishawa, wani tiyo ya ɓalle, man gyaɗa ya wanke masa fuska tun daga goshi har haɓa.

"Alhamdu lillahi," in ji Salamatu. "Saura barkono."

'Yan acaɓa da ke tashar tsallake suka fara gangarowa ɗaya bayan ɗaya. Gamaliel ya share ido da hannun riga, ya ɗaure tiyon da robar taya da ya fizga a wajena, ya ce ai dama ya san haka za ta faru, hanya ce ta buɗe. Yanzu wuta ce ba ta isa. Fiyus ne ke tauye ta, don Turawa ba su san zafin ƙasarmu ba. Ya jawo doguwar wayar da yake tada janareta da ita, ya ɗaura kai ɗaya a batir, ya kawo ɗayan baya.

Na ce, "Gama, ka san wayar da za ka taɓa kuwa?"

"Mai faci, ka tsaya a iskarka."

Ya taɓa.

Jama'a! Hon ya kama ihu bai tsaya ba. Abin share gilashi ya hau aiki. Tagogi suna sauka suna hawa, rediyo ya kunna kansa a tsakiyar labarai. But ɗin kuwa ya samu ƙarfin da bai taɓa samu ba: ya wage ya rufe, ya wage ya rufe, gab, gab, gab! Karo na uku ya cafke hular Gamaliel. Karo na biyar ya kama bakin rigarsa ya fara jansa ciki. 'Yan acaɓa maimakon su taimaka, ƙirga suka hau yi da babbar murya. Dada mai nono, wata tsohuwar Bafulatana da ke kawo mana fura kullum, ta iso daidai lokacin. Ta dafe ƙwaryarta da hannu biyu ta ja da baya.

"Wannan ba ta gyara ba ce," in ji ta. "Ku kai ta a yi mata addu'a."

A karo na goma sha ɗaya aka ji "fuf". Wani baƙin hayaƙi ya taso, komai ya tsaya cak. Gamaliel ya zaro rigarsa, rabin aljihu ya tafi. Na danna maɓalli, ko nishin ma babu. Ɗan injin da ke tura man ya ƙone ƙurmus, ga ƙarfe goma ta gota.

Wani zai ce a nan ido ya raina fata. Ina! Gamaliel ya ɗauko almakashin ƙarfe ya datse tiyoyin duka, ya kwance sandunan da ke riƙe murfi da rufi, ya jera su a ƙasa. Ya sa hannu ya tura murfin, ya ɗaga salin-alin. Ya ja rufin, ya biyo shi.

"To ai shi ke nan," in ji Salamatu. "Ku naɗe rufin da hannu ku tura shi ciki, a kai ta a buɗe. Wa zai sani?"

Wallahi maganarta ita ce magana. Amma Gamaliel ya dube ta kamar ta zagi mahaifinsa.

"A buɗe? Kowane ɗan tireda ma zai iya kai ta a buɗe. Madam za ta ce dama haka motar take. Dole ta gani da idonta, an danna, hula ta cire kanta."

"Da wane injin?"

Ya bugi ƙirji. "Ga shi."

Shirin ke nan. Zai kwanta a cikin but ya lulluɓa da baƙin buhun gawayin Salamatu. Ya ɗaura igiya a bayan rufin. In Yosiya ya danna maɓalli, ni zan bubbuga motar sau biyu, shi kuma ya tura murfi da baya, ya jawo rufi da igiya, yana yin ƙarar injin da bakinsa. Ya gwada mana: "Zuuuuu." Ƙarar dai ta yi kyau, duk abin da ya yi ranar ita ce ta fi kama da ta kamfani. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na yarda. Ba don zumunci ba, son ganin ƙwaƙwaf ne.

Ya cire fitilar baya ɗaya don iska, ya naɗe ƙafafu ya shige, na rufe.

Sha ɗaya Yosiya ya dawo. Na ce masa an gama, Injiniya ya tafi wanka, zai same mu a can. Ya kai hannu zai gwada, na riƙe shi, na ce Injiniya ya ce sabon gyara sau ɗaya ake dannawa a rana. Ya shinshina iska, ya dube ni, ya tada mota. Muka kama hanyar Yara. Duk ramin da muka faɗa sai a ji "dum" a baya, wani lokaci har da ƙaramin "wash".

"Mene ne wannan?"

"Gyaran ne ke zama," na ce.

Filin makaranta ya cika maƙil. Rumfuna uku, yara cikin shuɗi da fari sun jeru da gangunansu, iyaye mata sun yi anko. Aka ajiye motar a tsakiyar fili, a cikin rana, aka ɗaura mata igiyoyi biyu masu kauri. Ni na tsaya a bayanta da lema, wai ina kare fenti.

Sha biyun da aka ce kuwa, ta mutanenmu ce. Shugaban iyayen yara ya yi jawabi. Wakilin ofishin ilimi ya yi nasa, ya ce a taƙaice sau huɗu. Aka yi addu'ar Kirista, aka yi ta Musulmi. 'Yan aji uku suka yi wasan kwaikwayo. Wajen ɗaya da rabi na ji murya tana fitowa ta ramin fitila.

"Hussaini. Ina dahuwa."

"Ai da mai a jikinka, soyuwa dai."

"Ruwa, don girman Allah."

Na sayi fiya wata uku na dinga cusa masa ta ramin. Wata mata da ke kusa ta zuba mini ido. Na ce mata motar waje ce, ta baya take shan ruwa.

Sai ƙarfe biyu Malam Siman ya ce a miƙe. Aka rako Madam Vera, ta sha leshi fari da wani gwaggwaro ruwan zinare wanda ya kusa kai tsawon hannu. Ta tsaya a gefen mota tana dubanta ta saman tabarau.

"Yanzu," in ji Malam Siman, "ku buɗe ido ku ga abin da ba a taɓa gani ba a Yara!"

Yosiya ya saki maƙallin da ke riƙe rufin ta gaba, ya danna maɓalli. Na bubbuga sau biyu.

"Zuuuuu."

Murfin ya ɗaga a hankali. Na karkata lema na tare gefe. Rufin ya motsa, ya ja baya, ya fara naɗewa. Yara suka ɗauki sowa. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi, na ce kai, ashe mutumin nan zai fita kunya.

Abu ɗaya ne ni da shi da Salamatu duk ba mu tuna ba. Wurin da rufin zai kwanta, nan ne Gamaliel yake kwance.

"Zuuuu... zuu... wayyo!"

Rufin ya sauka a gadon bayansa gaba ɗaya. Ganguna suka rufe ihun. Na danna murfin, ya ƙi rufuwa, saura kamar yatsa huɗu. Na ga babu dabara, na ɗare na zauna a kai, ina murmushi ina ɗaga wa mutane lema. Daga ƙarƙashina na ji ana kiran sunayen kakannina.

Aka kama wa Madam ta hau, ta tsaya a gaban kujerar baya. Ta ɗaga hanci.

"Yosiya, me ya sa motar ogan naka ke ƙamshin ƙosai?"

"Turaren mota ne, Mama."

Malamai suka kama igiya. Da an ja a lokacin, da an rabu lafiya. Amma Malam Siman mutum ne mai riƙon amana, bai manta saƙo ba.

"Kafin a ja! Jama'a, motar nan da ciwo ta zo garin nan yau da safe. Wanda ya warkar da ita tsohon ɗalibin makarantar nan ne. Ina Injiniya Gamaliel na Sabon Gari? Ya fito a gan shi!"

Aka hau tafi ana waige-waige. Na ji murfin ya motsa a ƙarƙashina. Na sunkuya na ce, "Gama, ka rufa mana asiri, yi shiru."

Madam ta miƙa hannu aka ba ta makirfo.

"Wane Gamaliel? Nawa? Na aji huɗu?" Ta dubi motar tun daga gaba har baya, ta gyaɗa kai. "To, in da gaske shi ya gyara wannan, na yi masa kuskure shekara da shekaru. Ya zo nan in gaishe shi a gaban kowa."

Shi ke nan. Ban san inda mutumin da ya yi awa uku a gashe ya samo ƙarfin ba.

"GA NI NAN, MA!"

Sai gani na yi ina sama, lema a hannu. Na faɗo a kan gangar 'yan aji shida. Murfin but ya wage, rufin motar ya miƙe tsaye a kan bayan mutum, wani ƙarfe ya ce "ƙas", rufin ya rinjaya gaba ya kwashe gwaggwaron Madam ya yar a kan sitiyari. Ga Gamaliel tsaye a cikin but, baƙi ƙirin da gawayi, yana ƙyalli da man gyaɗa, igiya a wuya, ledar fiya wata manne a kumatu.

Yara ƙanana suka watse da gudu. Matar da na ce wa motar tana shan ruwa ta baya ta zube ƙasa tana riƙe ciki. Daga nan dariya ta kama filin nan, har wakilin ofishin ilimi sai da ya cire tabarau yana share hawaye. Yosiya ya ɗora hannu biyu a ka yana cewa, "Oga zai kashe ni, oga zai kashe ni."

Madam kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta karɓi gwaggwaronta ta mayar, ta gyara shi a madubin mota ba gaggawa.

Malamai suka taru a kan rufin. A tura shi baya, ya ƙi, ƙarfen ya lanƙwashe. A mayar da shi gaba ya rufe, ya ƙi. In aka sake shi, sai ya rinjayo daidai inda Madam ke tsaye. Wani ya ce a nemo keke a yaye masa tamfol. Wani ya ce a haƙura da jan, ta taka da ƙafa.

"Ba inda zan taka," in ji Madam, kuma har yanzu makirfon na hannunta. "Shekara talatin da biyar ban taɓa fasa abin da aka rubuta a tsarin rana ba. An ce a mota za a ja ni, a motar nan za a ja ni."

Ta juyo. Gamaliel na ƙoƙarin zura ƙafa ɗaya waje ya sulale.

"Injiniya Gamaliel."

Ya daskare. "Na'am, Ma!"

"Koma ciki. Durƙusa. Hannu sama. Riƙe rufin nan da kyau. In ya sake taɓa mini ɗankwali, ka san sauran."

Babu yaro ko babba a filin nan da bai san wannan durƙuson ba. Ihun da aka yi, na tabbata an ji shi a Sabon Gari. Gamaliel ya durƙusa a cikin but, ya ɗaga hannu biyu ya tallafe rufin. Aka buga ganga, malamai suka ja, mota ta motsa, Madam tana ɗaga farin hankici dama da hagu, ga inuwa a kanta.

Da aka kai ƙofar makaranta ya kamata a tsaya. Amma malamai daɗi ya ɗebe su, suka ce sai gidanta a Jigwada. 'Yan acaɓa suka shiga gaba suna hon, masu shaguna suka fito, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Ni ina biye a gefe ina ɗingishi. Gamaliel kuwa, gumi na yanka hanya a cikin gawayin fuskarsa. Tausayinsa ya kama ni, wallahi. Na matsa in ce masa ya yi haƙuri, sai na ga haƙora talatin da biyu a waje.

"Hussaini," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka ji?"

"Na ji me?"

"Injiniya ta ce. A lasifika. Kowa ya ji."

"Ba a surutu a wajen horo," in ji Madam, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Miƙe hannun nan sosai."

Ya miƙe su.